Gyaran mai sayarwa: darasin da na koya a Gwiwa

Bara kawuna ya ga wani gida a Gwiwa yana so ya saya. Da yake ina karantar fasahar gine-gine a nan Kazaure, sai ya ce, "Ɗan boko, zo ka duba mana." Na tarar da tsaga a bango, ta taso daga kusurwar taga ta karkata ƙasa, silin kuma duk tabon yoyo. Mai gidan ya ce kar mu damu, zai sa a gyara. Bayan sati muka koma, ga fenti fes. Kawu ya biya.

Ruwan Agusta na sauka, tsagar ta dawo. Ashe siminti kawai magininsa ya cusa ya shafe, alhali matsalar daga fandisho take. Kwanon ma ba a taɓa shi ba, silin aka canza.

Laifina ne: fenti na kalla, ban bincika aikin ba. Mai sayarwa so yake aibi ya ɓoyu da kuɗi kaɗan, mai saye ne zai kwana a ɗakin.

To 'yan uwa, in an kira ku duba gida, ku ce a cire kuɗin gyara daga farashi, mai saye ya kawo magininsa. In an ƙi, a rubuta duk abin da za a gyara a gaban mai unguwa da shaidu, a riƙe wani kaso sai damina ta wuce. Ku ƙwanƙwasa filasta: in ta yi ƙarar fanko, ba ta kama ba. Ku tambaya ko an yi mata ban ruwa na kwana 7. Ku hau sama ku kwarara ruwa a kwano.

Kawu bai taɓa yi min gori ba. Shirun nan nasa ya fi min ciwo.