Amsoshin Tambayoyinku: Aika Sakamakon Zaɓe Ta Intanet

Wani mai sauraro daga Wara a ƙaramar hukumar Ngaski yana tambaya: tun da an kawo na'urar BVAS, me ake ta jayayya a kai kuma?

To malam, aikin BVAS biyu ne: ta tantance mai zaɓe da yatsa ko fuska, sannan ta ɗauki hoton takardar sakamakon rumfa, EC8A, a tura shafin IReV na hukumar zaɓe, INEC. Dokar Zaɓe ta 2022 ta wajabta tantancewar, amma yadda za a aika sakamako sai ta bar wa hukumar. A watan Oktoba 2023 Kotun Ƙoli ta ce rashin tura hoton ba ya rushe zaɓe. Nan gardamar ta tsaya a lokacin: wasu suka ce a mai da turawar dole, wasu suka ce ina sabis a ƙauye?

Ku mutanen Yauri, Ngaski da Shanga kun fi kowa sanin wannan. Akwai rumfunan tsibirai da gaɓar tafkin Kainji da sai da kwale-kwale ake kai musu akwati, wayar ma sai an hau tudu take kamawa. Amma a ganinmu wannan ba hujjar ƙin wajabta turawar ba ce, don na'urar na riƙe hoton har ta sami sabis. Tsakanin rumfa da wurin tattara sakamako ne alƙaluma ke sauya kama, saboda haka wakilin jam'iyya kada ya bar rumfa sai da kwafinsa mai sa hannu.