Darasi: Kafin ka sayi ɗan kwikwiyo, yi lissafin riƙonsa

Makiyayi ya san amfanin kare. Shi ne ke jin motsin dila ko ɓarawo cikin dare, tun kafin mai garke ya farka. Amma yanzu matasa suna ganin hotunan wasu karnukan waje a waya, masu ƙaton kai da faɗin ƙirji, waɗanda ake kira buli ko fitbul, ana tallarsu a manyan birane kamar Yamai da Kano. Wani sai ya ce da ya samu irin wannan, ba mai ƙara kusantar garkensa. Kafin a sayar da rago a kai kuɗi, mu zauna mu yi lissafi.

Wane irin kare ne?

Kakannin waɗannan karnuka daga Ingila suke, inda a da ake haɗa su faɗa da bijimai don kallo, har aka hana wasan a 1835. Irin da ake kira American Bully kuwa a Amurka aka samar da shi, a ƴan shekarun baya. Ba don tsaron garke aka yi su ba. Jikinsu na da nauyi, hancinsu gajere ne, ga shi kare da haki yake rage zafin jiki. A Dogon Dutsi da Tibiri zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Karen da ke wahalar numfashi ba zai bi garke daga rijiya zuwa makiyaya a Dallol Mawri ba.

Karen gida da karen Azawak na Buzaye sun saba da rana da ƙishirwa da doguwar tafiya. Sau da yawa ma kyauta ake samun ɗansu wurin dangi ko maƙwabci.

Kuɗin saye shi ne ƙarami

Kwikwiyon waje yana iya kai kuɗin ragon layya, ko ya haura. Wannan biya ɗaya ne. Kare kuwa yakan yi shekara 10 zuwa 12, kuma kullum sai ya ci.

Abinci. A ce babban kare yana cin rubu'in tiyar hatsi a yini. A shekara ya ci tiya 91, wato fiye da buhu biyu, tunda tiya 40 ke cika buhu. Kuma hatsi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da nono ko nama. A tambayi kai: wannan hatsin daga bakin wa zai fito lokacin da rumbu ya yi ƙasa?

Rigakafi. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya yi sati 8. Tsakanin sati 6 zuwa 8 ake fara allurar gudawar jini da ke kashe ƴan kwikwiyo, sannan a maimaita. Idan ya cika wata 3 a yi masa allurar haukan kare, a riƙa sabunta ta yadda likitan bisashe ya tsara. Duk mai sayarwar da bai nuna takardar rigakafi ba, a ɗauka ba a yi komai ba.

Magani. Akwai na tsutsar ciki, aƙalla kowane wata 3, da na kaska. Karnukan buli kuma sun cika ciwon fata da na gaɓoɓi.

Asarar da ba a gani

Abu na farko tsila ce. Idan kare ya ci ɗanyen kai, hanta ko huhun dabbar da ta kamu, tsila na girma cikin hanjinsa. Ƙwanta na fita da kashinsa, ya faɗa kan ciyawa da bakin rijiya. Tunkiya ko akuya ta ci, sai wata jakar ruwa ta tsiro a ƙwaƙwalwarta, ta riƙa kewaya wuri ɗaya har ta mutu. Wata irin tsilar kuma tana yin jakar ruwa a hanta da huhu, har na mutum. Maganin da ke kashe ta a cikin kare shi ne praziquantel. Ranar yanka kada a jefa wa kare ɗanyen kai ko kayan ciki masu ƙulli. A dafa su sosai, ko a binne da zurfi.

Na biyu haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare. Da zarar alamu sun bayyana, ba magani. Shanu, awaki da jakuna ma suna kamuwa. Idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu tsawon minti 15, a garzaya gidan likita a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. A ɗaure karen a sa masa ido kwana 10, a sanar da ma'aikatar kiwo.

Na uku diyya. Karen da ya yaga ɗan maƙwabci ko ya kashe akuyar wani, mai shi ne zai tsaya gaban mai gari ya biya, kuma zumunci ya taɓu. Ko a Ingila, tun watan Fabrairun 2024 an hana riƙe babban irin da ake kira XL Bully sai da takardar izini, saboda mutanen da ya kashe.

Aikin ƙungiya

A taro mai zuwa, a ƙidaya karnukan kowane gida da kowace ruga, daga Matankari har Gecheme. A gayyaci likitan bisashe ya zo rana ɗaya, a haɗa kuɗin tafiyarsa. Masana sun nuna idan aka yi wa karnuka 7 cikin 10 allura, cutar hauka na daina yawo a yanki. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ita a duniya, ana iya tsayar da ita ranar allurar ƙungiya. Wanda ke da kuɗin kwikwiyon waje, ya fara da yi wa karen da ke kwance ƙofar garkensa allura.