Ba kowace mantuwa ba ce gigin tsufa

Wata Talata, kasuwar Mafara na ci, aka kawo min wani dattijo daga wajen Dakko a kan mashin, ɗansa na tuƙi, jikansa na riƙe da shi ta baya. Kwana uku bai san inda yake ba. Yana kiran matarsa da ta daɗe da rasuwa, cikin dare kuma ya miƙe wai zai tafi gona. Ɗan ya ce, "Likita, gigin tsufa ne ya kama Baba. Maganin barci kawai za a ba mu."

Na yi masa tambayar da nake yi wa kowa: yaushe abin ya fara? Ya ce ranar Juma'a Baba da kansa ya ƙirga kuɗin albasarsa. Na ɗora hannu a mararsa, na ji ta cika tam, ga jiki rau da zafi. Fitsari ne ya riƙe, ƙwayar cuta ta shiga. Muka sa roba ya fita, muka ɗora shi a kan magani. Kafin mako ya zagayo yana tambayar wa ya shayar da shanunsa.

Gigin tsufa ba ya saukowa cikin kwana uku. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya, a nemi dalilinta a jiki: zazzaɓi, faɗuwar sukari, ƙarancin ruwa a tsakiyar bazara, ko maganin mura mai sa barci. Tsohon da ya bugu a ka, ko da an manta da faɗuwar, jini na iya taruwa a hankali cikin ƙoƙon kansa, sai bayan makonni ya fara ruɗewa. Irinsa nakan tura asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, domin aiki na iya dawo da shi.

Mai wuyar ita ce wadda ke tafiya sannu, shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu cutar mantuwa Alzheimer ce ke damunsu, amma tana da masu kama da ita. Wadda hawan jini ke jawowa takan sauko hawa-hawa, kamar matakala. A 2019 masana suka raɗa wa wata suna LATE, wadda ta fi kama waɗanda suka haura shekara 80. Wani sinadari mai suna TDP-43 ne ke taruwa a sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye sabon abu, sai tsohuwa ta tambaye ka abu sau biyar, alhali tana sallarta daidai, ta san jikokinta. Idan ita kaɗai ce, tafiyarta ta fi ta Alzheimer sauƙi. Ko a Amurka an daɗe ana haɗa su, don haka ba na gaggawar sa wa ciwo suna a zama ɗaya.

Wadda ta fi taɓa zuciyata ita ce damuwa. Tsofaffin da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu sukan yi shiru, kome ka tambaya sai "ban sani ba". Mai cutar mantuwa yakan yi ƙoƙari ya amsa ko da ba daidai ba, mai damuwa kuwa ba ya ko gwadawa. Tana da magani, asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ma aikinsu ke nan.

Ba na tambayar tsohuwar da ba ta yi boko ba kwanan wata. Nakan ce, "Inna, wane ne mai garinku? Yaushe kasuwarku ke ci? Lissafa min dabbobi." Sannan in auna jini da sukari, in duba ko tana ji sosai, don kurumta ma tana sa a ce mutum ya ruɗe.

In za ku kawo tsohonku, ku zo da wanda ke kwana gida ɗaya da shi, da ledar magungunansa duka, har na kemis da na gargajiya.