Mayar da Batir Cikin But Don Tseren Mota

Tambaya: Malam, ina shirya motata don tseren miƙaƙƙiyar hanya mai mita 402. An ce in mayar da batir cikin but. Yana da amfani?

Amsa: Ɗan'uwa, yana da shi, in motarka da ƙafafun baya take ja. Batir kan kai kilo 15 zuwa 20, kuma nauyin nan a kan tayar baya ta dama yana rage mata sulɓi lokacin tashi.

Sai dai wuta ba a yi mata ganganci. Sa waya mai kauri, irin ta masu walda, domin siririya za ta yi zafi, sitata ta riƙa nishi. Ɗaura fis dab da batir. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe, sa mata zoben roba kada ta gurje. A Amurka, in an mayar da batir cikin but, hukumar tseren mota ta NHRA ta wajabta makunni a bayan mota wanda zai kashe wuta da inji gaba ɗaya, da ƙusoshi masu riƙe batir gam. Sa batir ɗin a rufaffen akwati mai bututun fitar da iska waje, don iskar batir tana kamawa da wuta.

Tseren kuma, don Allah, a filin da aka keɓe kawai.