In Allurar Batir Ta Faɗi

'Yan'uwa, sau da yawa ƙungiya takan kwashi kuɗin taki ta sayi sabon batir, don kawai allurar da ke gaban direba ta faɗi. Amma allura ma takan yi ƙarya, balle a tsohuwar a-kori-kura. Kafin mu taɓa asusu, bari mu gwada.

Mu ari mita wurin mai gyaran wutar mota, mu ɗora a kawunan batir. In inji a kashe yake, cikakken batir zai nuna wajen bolt 12.6. Sa'an nan mu tā da inji, mu ɗan taka totur. Ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In ya hau haka, batir yana samun caji, laifin allura ne ko wayarta.

To, sai mu bi waya. Yawanci akan tarar wayar da ke ɗaure a jikin mota ta yi tsatsa, ko kuwa gargadar hanya ta sassauta ta. Mu kwance, mu kankare har ƙarfe ya yi haske, mu ɗaure tam. Mu duba fiyus kuma. Farin garin nan na kan batir, ruwan zafi yana wanke shi.

In kuwa mita bai wuce 12.6 ba ga inji yana aiki, allura ta yi gaskiya. Mu fara da fambel, wataƙila ya saki. Waɗansu direbobi sukan cire kan batir inji yana aiki, wai gwaji. Kada mu yarda, gama wannan yana ƙona altaneta.