Me Yis Yake Ci?

Mu 'yan Zongo kullum muna ganin iyayenmu mata sun kwaɓa fanke, sun rufe, kullu ya tashi. Ashe yis abu ne mai rai, kuma da sukari yake samun ƙarfi.

Mun gwada a makarantarmu ta Godomey: kwalba uku, kowace da yis da ruwan ɗumi, muka ɗaura balan-balan a bakinta. Ta zuma da ta sukarin shayi suka cika da iska. Ta madarar gari kuwa shiru, domin yis ɗin burodi ba ya iya cin sukarin madara.

Amma fa ban da iska yana fitar da barasa. Shi ya sa zoɓo mai sukari in ya kwana biyu cikin zafi ya fara kumfa, ba ma sha.