Amsoshin Tambayoyinku: Ina Ya Kamata Shagunan Gari Su Zauna?

Tambaya: Malam, a garinmu shaguna sai ƙaruwa suke yi, duk wanda ya samu fili a bakin hanya sai ya kafa rumfa. Wasu na cewa ci gaba ne, ni kuwa gani nake muna ƙuntata wa kanmu. Yaya ake tsara wurin ciniki a ƙaramin gari? Daga wani mai karatu a Alelu, ƙaramar hukumar Jega.

Amsa: Ɗan'uwa, ba sai ka je nesa ba, hau mashin ka shiga Jega ranar kasuwa. Tun ƙarni na 19 garin ya yi suna da ciniki, lokacin da fatake masu zuwa Gwanja saro goro ke yada zango a can. Yau ma nan hanyar Sakkwato zuwa Yawuri ta haɗu da ta Birnin Kebbi. Hanya ce ta kawo arzikin, ita ce kuma ke shaƙewa: tirela ta tsaya sauke kaya, mai shayi ya ɗan turo bencinsa gaba, mai lemo ya ga ai shi ma ba a fi shi ba, sai kwalta ta koma rumfa.

Shawarata, ku tattara shagunan waje ɗaya, a ɗan ja da baya daga titi, kada su miƙe kamar igiya. Wanda ya zo sayen gishiri ya iske tela da mai kemis a kusa, ya gama komai da ƙafa. Rijiyar burtsatse ɗaya, taransifoma ɗaya, mai gadi ɗaya sun wadatar.

Abin da aka fi mantawa shi ne wurin lodi. Dubi Aliero lokacin kakar albasa, buhuna jibge, manyan motoci na jiran tafiya Kudu. Kasuwar da ba ta ware wa mota fili ba, motar za ta nemar wa kanta, kuma ƙofar shagonka za ta zaɓa. Masu walda, injin niƙa da 'yan bumburutu a kai su gefe. Kowane layi ya zama motar kashe gobara za ta iya shiga; 'yan kasuwar Sabon Gari a Kano ba su manta gobarar 2016 ba. Magudanar ruwa kuma a haƙa ta kafin a ɗora bulo, wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi ya san dalili.

Ta fuskar doka, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da filaye a wuraren da gwamna bai ayyana a matsayin birni ba. To, ku haɗa mai gari, 'yan kasuwa da masu gonakin da ke kewaye, ku tafi sakatariya a Jega, a auna filin, a biya masu shi diyya, a kafa turaku, a rubuta. Ku yi shi bana, tun ana lissafin wurin da kuɗin gona, kafin dillalai su fara yanka shi fuloti-fuloti.